Takobin Gagarau da na Kaka Maikano

Birnin Kudu,
12 ga Mayu, 1979.

Ɗana Manu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka Hawwa da jaririnku, ka kuma gaida dattijuwar zuriyarmu, Inna Dada, idan ka leƙa Dingaya. Nan muna lafiya gwargwadon hali. Ƙafata ta dama tana nan da halinta, tun rasuwar matata Mero kuwa gidan shiru, sai ni sai rediyo. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, mutane sun yi shuka suna kallon sama.

Ɗan'azumi direba ya kawo mini mujallar da ka aiko. Ka san ra'ayina game da irin waɗannan labaran hoto. A zamaninmu na makarantar Midil, yaron da aka kama da su sai ya sha bulala. Amma wanda aka yi wa ritayar dole ba ya zaɓen abin karatu. Na karanta labarin Gagarau, har na sa aka nemo mini na watannin baya. Jirginsa mai ratsa taurari ba ni da ja a kansa, tunda ban taɓa ganin irinsa ba balle in ce ga yadda ake ƙera shi. Amma takobi, ai mun san takobi.

Ka rubuta a gefen shafi cewa takobin walƙiyar nan nasa shi ne makami mafi kyau da aka taɓa zanawa. Malam Manu, ka sake dubawa. Wani guntun ƙarfe ne kamar tocila, a danna maɓalli haske ya fito dogo, ya yanka dutse kamar kabewa. Ba shi da giciye, wato ƙarfen nan da ke tare hannu tsakanin mariƙi da ruwan takobi. Ba shi da kube. Dubi inda Gagarau ya haɗa takobi da Dodon Ƙarfe, hasken nan yana gogar wancan. Me zai hana na Dodon ya zame ya gangaro ya kwashe masa yatsu? Babu. Da mai zanen nan ya taɓa faɗa ko da da sandar kiwo ne, da ya san a yatsa duka yake fara sauka.

Na faɗi haka a teburin shayin Iliyasu, wurin ya rabu biyu har shayi ya huce. Ana cikin haka wani ɗan kwangila da muka yi aji ɗaya, wanda ni nake yi masa lissafi a lokacin, ya leƙo ta tagar Marsandi ya ce, "Badaru, har yanzu kana nan kana gyara wa duniya kuskure?" Na ce, "Dole wani ya gyara, tunda ku kun karɓi kwangilar yin sa."

Ka ba ni amsa da hujja, kada ka ba ni da ladabi. Ladabi ya ishe ni.

Bappanka,
Badaru.

*

Fagam,
2 ga Yuni, 1979.

Bappa,

Wa alaikumus salam. Mun ji daɗin takardarka. Hawwa tana gaisuwa, yaro ya fara haƙori, ba ya barin kowa ya huta. Inna Dada lafiya lau, ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar Dingaya ne. Allah ya ba ƙafa sauƙi.

Tunda hujja ka nema, ga ta. A labarin an nuna hasken nan yana yanka kowane irin ƙarfe. To me giciye zai tare? Takobin Dodon Ƙarfe zai ratsa shi ya wuce, sai dai a ƙara wa Gagarau nauyi a banza. Kube kuma na mene ne, tunda idan aka saki maɓalli ruwan takobin ya ɓace? Ya jefa a aljihu ya kama gabansa. Wannan ne kyansa, Bappa. Ku kuna son komai ya yi kama da abin da kuka saba gani. Malamanmu na nan makaranta duk suna bayana, sai hedimasta kaɗai da ya ce shi bai ga abin gardama a zanen yara ba, alhali shi yake fara karɓe mujallar idan ta zo.

Maganar ma ta zo a kan gaɓa. Za a yi gasar wasan kwaikwayo ta makarantu a Kano bayan kaka, ni aka ɗora wa nauyi. Na tsara wa 'yan aji shida wasa a kan Gagarau. Kowace makaranta za ta zo da wasan noma ko na tsafta, mu za mu zo da taurari. Abin da ya rage mini shi ne takobin. Ina tunanin tocila ce kawai za mu naɗe da takardar azurfa ta kwalin taba.

Ɗanka,
Manu.

*

Birnin Kudu,
17 ga Yuni, 1979.

Ɗana Manu,

Bayan sallama da gaisuwa gare ku duka, ina fatan haƙoran yaro sun fito lafiya. A nan ruwa ya zauna, gero ya yi kyau. Ƙafa da sauƙi.

Ka ce hasken yana yanka kowane ƙarfe. To daga ina yake fitowa? Daga bakin mariƙi. Da me aka yi bakin? Idan hasken yana cin kowane ƙarfe, ai mariƙin zai fara ci, ya narke a tafin Gagarau tun kafin Dodo ya iso. Tunda bai narke ba, ke nan mutanen labarin suna da wani ƙarfe da hasken ba ya ci. To su yi giciye da shi mana! Wannan ba ilmi mai zurfi ba ne. Na koyar da irinsa shekaru a ajin kimiyya, kafin a gano cewa ƙasar nan ta sami man fetur, ba ta ƙara bukatar masu tambaya ba.

Batun kube ya fi wannan girma, ka saurara. Ina yaro na ga rigima a kasuwar Dingaya, a kan saniya. Mutum ya fusata ya kai hannu ga takobinsa. Sai da ya jawo hamilar da takobin ke rataye da ita daga kafaɗa, ya dafe kube da hagu, ya fara zara da dama. Kafin ruwan takobin ya fito rabi, dattawa sun riƙe masa gwiwar hannu, shi kansa ya fara jin kunya. Ya mayar. Daga baya shi da abokin faɗan nasa har surukai suka zama. Kube ba don ajiya kawai aka yi shi ba, don jinkiri aka yi shi. Takobin da ke fitowa da danna maɓalli, yaushe dattijo zai sa baki? Makamin 'yan zamani ne sak, irin masu kwana talakawa su tashi da bene.

Don haka kada ka kai yaran mutane Kano da tocila a naɗe da takardar taba, a yi muku dariya. Idan kana son ka san yadda takobi yake, ba sai ka je nesa ba. Ga na Kaka Maikano nan rataye a ɗakinka tun bikinka. Mariƙinsa da giciyensa da kubensa, babu abin da takobin Gagarau yake nema da ya wuce su.

Na karanta wa mutanen teburin shayi wannan hujja. Iliyasu ya ce in bar shi haka, masu shan shayi suna mantawa su sha.

Bappanka,
Badaru.

*

Fagam,
8 ga Yuli, 1979.

Bappa,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Hawwa. Kowa lafiya, sai dai sauro.

Na sallama. Na karanta takardarka a ɗakin malamai, har maganar bakin mariƙi. Malam Abdulsalami, wanda ya fi kowa kare zanen, ya ce, "Wannan bappan naka da lauya ya zama." Gaskiyarka ce, takobi ba giciye ba kube tocila ce kawai.

Na kuma gode da shawarar da ka ba ni a ƙarshe, ni ban taɓa kawo ta a raina ba. Na sauko da takobin Kaka na duba, wallahi kamar don Gagarau aka ƙera shi. Na kai wa Ɗanbala maƙeri a Gwaram. Ya ce abu ne mai sauƙi: zai yanke ruwan takobin daga gindi, ya bar mariƙin da giciyen, sai mu dasa doguwar kwalbar fitila irin mai aiki da batir a gurbinsa. Kuben zai ɗan buɗa shi kwalbar ta shiga. Ruwan takobin dama ba yaƙi ake yi da shi yanzu ba, tsatsa ma ta fara taɓa shi. Ɗanbala ya ce aikin garma ya yi masa yawa, ga azumi ya gabato, sai ranar kasuwar farko bayan Salla.

Yara sun ga takobin, murna kamar su tashi sama. Zan sa a faɗi sunanka a Kano.

Ɗanka,
Manu.

*

Birnin Kudu,
14 ga Yuli, 1979.

Manu,

Muna lafiya. Ka gaida gida.

Kada ka kuskura. Na ce ka DUBA takobin Kaka, ban ce ka kai shi maƙera ba. Wane irin karatu kuke yi a kwalejojin yanzu? Takobin nan da shi Maikano ya rako shanunsa ya sauka Dingaya. Ubana ya rataya shi ranar aurensa, ni na rataya, ubanka ya rataya, kai ma ka rataya. Gonakin an raba, shanun sun ƙare, zuriyar ta watsu daga Surko har Legas. Abu guda ya rage da hannun kowa ya taɓa, shi za ka yanke don wasan yara?

Ka karɓo shi daga wurin Ɗanbala yau ɗin nan. Na ba Ɗan'azumi wannan takarda hannu da hannu.

Badaru.

*

Fagam,
9 ga Agusta, 1979.

Bappa,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zuwa da sauƙi, ƙafa kuma ba ta matsa ba. Mu duk lafiya.

Shiru ban ji daga gare ka ba tun takardata ta watan jiya. Na san halinka, da akwai gyara da tuni ka aiko da shafi uku. Na gaya wa Hawwa cewa shirun Bappa ya fi yabon wani. Motar Ɗan'azumi ma ba mu ƙara ganinta ba, an ce 'yan siyasa sun ɗauke ta haya tana yawo da lasifika, shi ya sa na ba wani mai zuwa asibitin Birnin Kudu wannan.

Kwalbar fitilar ta iso daga Kano. Takobin yana ɗakina, Ɗanbala ya auna ya yi alama da alli inda zai yanka. Magana tana nan, kasuwar farko bayan Salla.

Ɗanka,
Manu.

*

Birnin Kudu,
11 ga Agusta, 1979.

Manu,

Barkanmu da shan ruwa. Lafiyata ƙalau, ban da abin da takardarka ta sa mini.

Shiruna ba yarda ba ne. Na rubuta maka tun tsakiyar Yuli, ashe takardar tana aljihun motar Ɗan'azumi tana zaga ƙauyuka tana neman ƙuri'a. Ka ga ƙasar da muke ciki. Na je gidansa na sa matarsa ta aika aka karɓo, ga ta nan na haɗa da wannan, da man ja a jikinta. Ka karanta ta sau biyu. Na ba Alhaji Bappa mai fataucin shanu, shi ba ya siyasa.

Da ƙafata za ta jure motar Gwaram a daminar nan da ni za ka gani, ba takarda ba. A cikin maza ni ne babba a zuriyar Maikano yanzu. Ina umartar ka ka goge allin nan, ka naɗe takobin a tsumma, ka ba Alhaji Bappa ya kawo mini. Ka yi wasanka da tocila. Ban janye ko kalma ɗaya a kan giciye da kube ba, zanen nan kuskure ne har gobe. Amma gara Gagarau ya rasa yatsu da mu mu rasa takobi.

Badaru.

*

Fagam,
17 ga Agusta, 1979.

Bappa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Mun sami takardunka biyu, na karanta, raina bai yi daɗi ba. Kai ka rushe mini tocila a gaban abokan aikina, kai ka nuna mini takobin, yanzu kuma ni ne marar karatu.

Duk da haka ban yi gaban kaina ba. Na hau keke na je Dingaya na karanta wa Inna Dada komai. Ta ce ita ba ta san wani Gagarau ba, ɗan wane gida ne? Da na yi mata bayani ta ce yankan takobin bai yi mata daɗi ba, ta kuma faɗa mini haka a fuskata. Amma ta ce ƙa'idar da Maikano ya bari guda ce, ba ta da ikon ƙara mata ko rage ta: takobi yana zama a hannun angon ƙarshe, shi ne mai shi, har sai wani ango a zuriya ya aiko a karɓa. Babba ba ya kiran sa, ƙarami ba ya kiran sa, sai ango. Ta ce ko ubanka da ya so riƙe shi bayan bikinsa, da aka tashi auren ƙaninsa haka ya miƙa.

Ni ne angon ƙarshe, Bappa. Na duba zuriyar kaf, samarin da suka rage duk 'yan makaranta ne, babu mai aure nan kusa. Zai ci gaba da rataya a bango tsatsa tana ci, har ranar da za a zaro a tarar ba komai. Ni kuwa ina da yara talatin da ba su taɓa taka Kano ba, na yi musu alkawari, sun riga sun riƙe shi a hannunsu. Mariƙin da kuben za su zauna, ango na gaba ya rataya abinsa, ba wanda zai san babu ƙarfe a ciki.

Ka yi haƙuri, ba zan ba Alhaji Bappa ba.

Ɗanka,
Manu.

*

Birnin Kudu,
21 ga Agusta, 1979.

Malam Manu,

Ina gaishe ka da iyalinka, Allah ya kai mu Salla lafiya. Ni ma ina lafiya, fiye da yadda na zata.

"Ba wanda zai san babu ƙarfe a ciki." Na daɗe ban karanta jimlar da ta bayyana zamanin nan kamar wannan ba. Haka ake gina mana makarantu da gadoji. Amma ba wa'azi na zauna yi maka ba. Inna Dada ta faɗi gaskiya, ƙa'idar ke nan, ni kuma ban taɓa karya ƙa'ida ba, shi ya sa nake zaune a benci masu karyawa suna mota. Ango ne kaɗai ke kiran takobi. To, ango yana kira.

Ka san Kulu, yayar Iliyasu mai shayi, wadda mijinta ya rasu shekarun baya, ƙawar marigayiya Mero. Jiya bayan la'asar na sa babbar riga na je zauren gidansu na yi sallama. Ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam Badaru da babbar riga? An mayar da kai aiki ne?"

Na ce, "Zawarci na zo."

Ta ce, "Wa kake yi wa rakiya?"

Na ce ni ne da kaina. Sai ta jawo tabarma ta zauna, ta ce in faɗa mata gaskiya, don mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wuce ƙofar nan kansa a sama ba zai waye gari haka kawai ya ga tana da kyau ba, kuma da azumi a bakinsa. Ban iya ƙarya ba, ka sani. Na kwashe labari na gaya mata, tun daga Gagarau har allin Ɗanbala. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ta ce, "An neme ni don tuwona, an neme ni don gonar da na gada. Yau ga mai nemana don ƙarfen mutanen Dingaya."



Ta ce, "To idan takobin ya zo ka rataye shi a bango, ni kuma a ina za ka rataye ni?"

Manu, na amsa tambayoyin Turawa masu jarrabawa a Zariya ban yi gumi ba, jiya na yi. Na ce mata gidan nan ya yi mini faɗi tun rasuwar ƙawarta, na gaji da yi wa rediyo gardama ba ya ramawa. Na ce takobin ne ya taso ni, wannan gaskiya ne, amma da wata ƙofar ce ba tata ba, da na bar ku kun yanka. Ban san haka ne ba sai da na ji bakina ya faɗa.

 Sannan ta ce ta ji, amma da sharaɗi. Na farko, ba zagin zamani a gidanta kafin a karya kumallo. Na biyu ta ce, "Yaran makarantar nan me suka yi maka? Kai ka rikita malaminsu da iliminka, kai za ka fitar da shi. Ka ƙera musu nasu takobin, tunda ka fi mai zanen sani." Na ce ni malamin kimiyya ne, ba mai yin kayan wasa ba. Ta ce, "To malamin kimiyya, a gaida gida." Ta fara naɗe tabarma. Na karɓa.

Na ga Iliyasu da kawunsu, sun ba ni. An sa ɗaurin aure Juma'a ta biyu bayan Salla. Don haka ni, Badaru jikan Maikano, ango, ina kiran takobi. Ka sanar da Ɗanbala ya nemi wani abin yankan.

Bappanka,
Badaru.

*

Fagam,
27 ga Agusta, 1979.

Bappa, ko in ce ango,

Barka da Salla. Hawwa ta ce in yi maka guɗa a takarda, ban san yadda ake rubuta ta ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko na ɗauka dabara ce. Na koma Dingaya na ce wa Inna Dada ai al'adar ta samari ce, ba a taɓa jin bazawari mai furfura ya kira takobi ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sha ruwa ta ce, "Maikano bai ce saurayi ba, ango ya ce. Amma Badaru ɗan boko ne, kada ya yi mana wayo." Ga hukuncinta. Ba za a aiko maka da shi ba. Ni zan kawo shi da hannuna ranar Juma'ar, in tsaya a bayanka, sai an shafa fatiha sannan in rataya maka. Idan ba a ɗaura ba, in juyo da shi, in yi abin da na ga dama. Idan an ɗaura, za ka yi yadda kowane ango ya yi: yana kafaɗarka duk kwanakin biki, ko'ina ka sa ƙafa, har teburin shayi. Ta ce ita ma a ɗauko ta a mota, ba za a ba ta labari ba.

Na je na shaida wa Ɗanbala. Ban goge allin ba tukuna.

Maganar takobin yara kuma, ina jira in gani. Ka tuna kai ka ce da giciye da kube.

Ɗanka,
Manu.

*

Birnin Kudu,
6 ga Oktoba, 1979.

Ɗana Manu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun koma lafiya, Inna Dada kuma ta huce gajiyar hanya. Kulu tana gaida Hawwa, ta ce a gode mata da turaren. Muna lafiya. An fara yankan gero.

Ka tafi washegarin ɗaurin aure, ba ka ga sauran ba. Na cika hukuncin Inna. Na je masallaci da takobi, na je kasuwa da takobi, na zauna a teburin Iliyasu da takobi, mutanen da na kayar a gardama suna ta "Allah ya ja zamanin Gagarau." Na shanye. Da biki ya ƙare na zare shi, na goge allin Ɗanbala da hannuna, na bi tsatsar da toka da man gyaɗa. Ba ta ci ƙarfen ba, a sama ta tsaya. Yana nan rataye a ɗakina, cikakke, har ranar da wani ango zai aiko.

Ga na yaranka nan na ba Alhaji Bappa, a cikin buhu. Ka mayar da kwalbar nan taka Kano, yaro ɗaya ya kai sara da ita sai asibiti. Na yi ruwan takobin da bututun roba wanda ake gani har ciki, na goge shi da yashi ya yi dishi-dishi don hasken ya bazu, na sa guntun madubi a ƙarshensa yana mayar da hasken baya. Tocilar tana cikin mariƙi. Giciyen na tagulla ne. Kuben wani baduku ya ɗinka, na kuma sa maɓallin ta yadda ba zai kama ba sai an zare takobin gaba ɗaya. Ka gaya wa yaron da zai fito a Gagarau ya zara a hankali, masu kallo su ga yana da lokacin fasawa. A rufe tagogin ɗakin wasan. Na gwada shi a zaure, Iliyasu ya ja da baya har ya taka buta. Rabon da in yi aikin da ya hana ni jin ƙafata tun ina da aji.

Saura magana guda, ita ma ka sanar da Malam Abdulsalami tunda zai ji daɗi. Da na gama, na ajiye nawa kusa da hoton mujallar na kira Kulu ta gani. Ta duba wannan, ta duba wancan. Ta ce aikina ya yi kyau, amma na mai zanen ya fi, wai giciyen nan zai riƙa kama wa Gagarau riga idan yana sauri. Na kawo mata hujjar bakin mariƙi. Ta ce ita ta shekara talatin tana yanka da wuƙa ba giciye, ga yatsunta goma. Ashe 'yar ɓangarenku na aura.

Kullum da safe, bayan an karya kumallo, sai mu ɗora daga inda muka tsaya. Har yau ba ta sallama ba, ni ma ba zan sallama ba. Iliyasu ya aiko yana tambaya ko lafiya ya daina ganina a teburi. Na ce a gaya masa lafiya lau, gardamar ce ta koma gida.

Wassalam.

Bappanka,
Badaru.